Asfen, Bishiyar da Ranta ke Ƙarƙashin Ƙasa

A jihar Utah ta Amurka, a gefen wani tafki da ake kira Fish Lake, akwai wani kurmi da titin mota ya ratsa ta tsakiyarsa. Faɗinsa hekta 43 ne, itatuwan da ke tsaye a cikinsa kuma an ƙiyasta sun kai 47,000, dogaye, masu farin jiki fat, ganyensu na ta rawa ko da iskar ba ta taka kara ta karya ba. Duk wanda ya bi ta wurin zai ce daji ya gani. Masana tsirrai kuwa sun tabbatar bishiya guda ce. Dukan itatuwan nan daga saiwa ɗaya suka samo asali, ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, kuma dukansu maza ne. Jerry Kemperman da Burton Barnes ne suka fara nuna haka a 1976, ta hanyar kwatanta kamannin ganye da ɓawo da duba hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Daga baya wasu masana na Jami'ar Kolorado suka raɗa wa kurmin suna Pando, sannan gwajin ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2008 ya gaskata abin da ido ya hango. An ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 6,000, shi ya sa ake lissafa shi cikin halittu mafiya nauyi a doron ƙasa.

Sunan bishiyar asfen, masana kuma suna ce mata Populus tremuloides, sunan da ya fito a rubutun masanin tsirrai Bafaranshe André Michaux da aka buga a 1803. Babu bishiyar da ta kai ta yaɗuwa a nahiyar Amurka ta Arewa. Ta tashi daga Alaska har Newfoundland a bakin tekun Atilantika, ta gangaro ta tsaunukan Roki har tsakiyar Meziko, tana tsirowa tun daga gaɓar teku har tsayin mita 3,500 a duwatsun Kolorado. Pando ne dai ya yi suna, har aka buga hotonsa a kan sarkin gidan waya a 2006, jihar Utah kuma ta ɗauki asfen a matsayin bishiyarta a 2014. Amma halin da ya yi Pando halin kowace asfen ne, kuma wanda bai gane wannan halin ba zai riƙa ɗaukar ciwonta a matsayin lafiya.

Saiwoyin asfen ba su cika nutsewa can ƙasa ba. Bazuwa suke yi a kwance, dab da fuskar ƙasa, wani lokaci su yi tafiyar mita 30 daga gindin uwar. A jikin waɗannan saiwoyi akwai dubban idanu da ke jiran dama. Abin da ke danne su wani sinadari ne mai suna oksin, wanda ƙololuwar bishiyar da sababbin ganyenta ke haɗawa su tura ƙasa. Muddin itacen na tsaye da ransa, sinadarin na gangarowa, idanun na kwance. Ranar da wuta ta cinye itacen, ko aka sare shi, ko zaftarewar dusar ƙanƙara ta kayar da shi, sai saƙon ya yanke. Wani sinadarin da saiwar ke haɗawa, saitokinin, sai ya yi rinjaye, rana kuma ta samu ta ɗumama ƙasar da inuwa ta rufe a da. Cikin 'yan watanni sai toho ya ɓarke, dubu goma-goma a hekta guda, wasu su haura mita ɗaya tun a shekarar farko, domin sun tarar da babbar saiwa da abinci a ajiye. Yawancinsu za su mutu wajen kokawar neman haske, waɗanda suka rage su zama sabon kurmi.

Itace ɗaya yakan yi shekara 50 zuwa 60 a gabashin nahiyar, a yamma kuma ya kai 100 zuwa 150. Saiwar ba ta da irin wannan wa'adi, tunda tana sabunta kanta yanki-yanki. Masana sun yi saɓani a kan shekarun Pando, kuma wani bincike na 2024 da ya bi diddigin ƙananan sauye-sauyen ƙwayoyin gadonsa ya sanya su tsakanin 16,000 da 80,000. Ko ƙaramin adadin aka ɗauka, wannan halitta ta girmi noma a duniya. Wanda ya je tsaunukan nan a ƙarshen watan Satumba zai iya ganin iyakar kowace saiwa da idonsa: itatuwan da suka haɗa asali tare suke canza launi, sai a ga wani ɓangaren tudu ya zama rawaya, na kusa da shi yana nan kore, wani kuma ya soma jaja-jaja.

Manomi a ƙasar Maraɗi ya san wani abu makamancin wannan. Sabara da kalgon da ake sassabewa kowace shekara kafin shuka ba sa mutuwa, kututturen na nan da rai yana sake toho. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, da manoman yankin suka fara barin 'yan rassa a kan kowane kututture suna kare su daga awaki da masu neman itacen girki, abin da ake kira sassaben zamani, kuma ta haka miliyoyin hekta na gonakin kudancin Nijar suka sake samun itatuwa ba tare da dashe ba. Bambancin kawai, sabara daga kututture take tohowa, asfen kuwa daga saiwar da ta yi nisa, shi ya sa take iya cin fili. Sharaɗin dai ɗaya ne a duka biyun: sai tohon ya tsira daga bakin dabba kafin ya zama itace.

Rawar ganyen daga wuyansa take. A yawancin itatuwa siririn wuyan da ke haɗa ganye da reshe mulmulalle ne, na asfen kuwa dogo ne kuma a matse yake ta gefe biyu, don haka iska kaɗan ta isa ta juya shi. Masu bincike sun kawo dalilai da dama na amfanin wannan: yana barin ɗigon haske ya riƙa isa ga ganyen ƙasa, yana sanyaya ganyen, yana kuma rage ƙarfin da guguwa ke yi wa itacen. Ɓawon ma yana da nasa aikin. Idan aka goge farar hodar da ke kansa aka ɗan kankare, kore ne a ciki, domin yana ɗauke da sinadarin da tsirrai ke kama hasken rana da shi. Ke nan ko a lokacin da ganye ya zube gaba ɗaya, jikin itacen na iya haɗa ɗan abinci. Wannan ne kuma ya sa dabbobin da ke fama da yunwar hunturu ke gatsar ɓawon, su bar baƙaƙen tabo da ke nan har itacen ya faɗi.

Asfen tana yin iri, kuma tana yi da yawa. Akwai mace akwai namiji, furen na ratayowa kafin ganye ya fito, irin kuma ƙanƙane ne ƙwarai, fiye da miliyan 5 a kilo ɗaya, kowane ɗaya da ɗan gashi mai laushi da iska ke ɗauka. Matsalar ita ce ba shi da guzuri. Cikin mako biyu zuwa huɗu yake mutuwa idan bai faɗa kan tsirarar ƙasa mai laima da hasken rana ba, kuma laimar sai ta ɗore. A busassun tsaunukan yamma da wuya waɗannan su haɗu, har masana suka daɗe suna ganin asfen ta kusan daina haihuwa ta iri a can tun ƙarshen zamanin ƙanƙara. Gobarar 1988 a gandun dajin Yellowstone na Amurka, wadda ta taɓa kusan kashi 36 cikin 100 na gandun, ita ta sauya wannan fahimta. A shekarun da suka biyo baya, masu bincike irin su William Romme da Monica Turner suka tarar da tsiron asfen na iri a wuraren da ba a taɓa ganin bishiyar ba. Wannan batu na da nauyi, domin saiwa kwafin kanta kawai take fitarwa, kuma ba ta iya tsallake kwari ta hau wani dutse. Idan yanayi ya sauya, irin ne kaɗai zai kawo sabon gado ya kuma kai bishiyar sabon wuri.

To, a nan wuta ta shigo. Asfen ba ta jure inuwa ko kaɗan. A wurare da yawa, da zarar kurminta ya girma, sai itatuwa masu ganyen allura irin su fir da sufurus su tsiro a ƙarƙashinta, suna jin daɗin inuwar da ta yi musu. A hankali su kamo ta, su wuce ta, su rufe rana. Idan aka yi shekara ɗari ko fiye ba abin da ya faru, asfen ɗin na sama za su tsufa su faɗi, na ƙasa ba su samu haske ba, saiwar kuma ta yi ta ƙanƙancewa har ta ƙare. Gobara ce ke maido da agogo baya: tana kashe masu ganyen allura, waɗanda sai sun sake farawa daga iri, ta bar saiwar asfen lafiya ƙalau a ƙasa. Tsawa na kunna irin wannan wuta, 'yan asalin nahiyar ma sun daɗe suna ƙona daji da gangan don samar wa namun daji sabuwar ciyawa. Sai ga babbar gobarar 1910 da ta cinye hekta sama da miliyan ɗaya a Idaho da Montana, wadda ta firgita hukumar gandun dajin Amurka. A 1935 hukumar ta kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Niyyar ceton daji ce, amma ga asfen an toshe mata hanyar sabuntawa na gomman shekaru. Ba kowane kurmi wannan ya shafa ba, domin akwai wuraren da masu ganyen allura ba sa zuwa, asfen na maye gurbin kanta a hankali ba tare da wuta ba. Masu kula da daji yanzu suna ƙoƙarin bambance waɗannan iri biyu kafin su taɓa komai.

Me ya sa ake damuwa idan wata bishiya ta maye gurbin wata? Saboda abin da ke ƙarƙashi. Kurmin asfen yana barin haske ya sauka, ganyen da ke zubewa kowace shekara yana ruɓewa da wuri ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, sai ciyayi da furanni da ƙananan itatuwa su cika wurin. Ƙarƙashin fir kuwa duhu ne da busassun allurai. A yammacin Amurka, idan aka cire bakin rafuka, da wuya a samu dajin da ya kai kurmin asfen yawan nau'o'in tsirrai da tsuntsaye. Akwai kuma batun ruwa: a hunturu rassan asfen tsirara suke, dusar ƙanƙara na sauka ƙasa ta taru, ta narke ta shiga rafuka, alhali masu ganyen allura na tare wani kaso a kan rassansu iska ta tafi da shi. A yankin da birane da gonaki suka dogara da narkewar ƙanƙarar tsauni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Har ciwon bishiyar ma alheri ne ga wasu. Wani naman gwari, Phellinus tremulae, yana shiga cikin tsofaffin itatuwa ya ruɓar da tsakiyarsu, wajen kuma na nan da ƙarfi. Makwakkwafi ya fi son irin wannan itace don haƙa gida, idan ya tashi kuma ƙananan mujiyoyi da wasu tsuntsaye da jemagu su gaji ramin. Wani tsuntsu dangin fakara da mafarautan Minnesota da Wisconsin ke ji da shi, idanun furen namijin asfen yake ci ya fita hunturu. Biba, dabbar nan mai faffaɗar jela da ke datse rafi, ta fi son asfen a kan yawancin itatuwa, ta ci ɓawon ta gina madatsa da rassan. Bishiyar ma ba ta zauna haka nan ba. Ganyenta da ɓawonta na ɗauke da sinadarai masu ɗaci irin su salikotin da tiremulasin don korar masu ci, kuma yawansu ya bambanta daga saiwa zuwa saiwa, shi ya sa dabbobi kan cinye tohon wani kurmi su ɗaga wa na maƙwabcinsa ƙafa.

Waɗannan sinadarai masu ɗaci dangin salisin ne, wanda aka fara tacewa daga ɓawon wilo, 'yar'uwar asfen, kuma daga bincikensa aka kai ga ƙwayar asfirin a ƙarshen ƙarni na 19. Tun kafin nan al'ummomin asali na nahiyar suna dafa ɓawon asfen don zazzaɓi da ciwon jiki. Mutanen Cree na Kanada suna kankaro ɓawon ciki mai zaƙi a farkon bazara su ci, busasshen itacen kuma ana banda kifi da nama da hayaƙinsa. Wani amfani da ba wanda ya shirya shi, na makiyayan tumaki ne 'yan ƙabilar Bask da suka zo daga iyakar Sifaniya da Faransa suka yi kiwo a tsaunukan Nevada da Idaho da Kalifoniya daga ƙarshen ƙarni na 19. Makiyayi kan yi watanni shi kaɗai da tumaki da kare, sai ya zana sunansa da shekara da sunan garinsu a jikin ɓawon da wuƙa ko ƙusa, tabon ya yi baƙi ya faɗaɗa da girman itacen. Masana tarihi sun tattara dubban irin waɗannan rubuce-rubuce da hotuna, suna gaggawa domin itatuwan da ke ɗauke da su sun kai ƙarshen shekarunsu.

A kasuwar katako kuwa an daɗe ana raina ta. Bayan da aka sare manyan dazuzzukan farin fain, wani itace mai ganyen allura, na jihohin Michigan da Wisconsin da Minnesota a ƙarshen ƙarni na 19, gobara ta bi tarin rassan da aka bari, irin ta Hinckley a 1894 da ta Cloquet a 1918 da kowacce ta kashe ɗaruruwan mutane. Asfen ce ta rufe wannan ƙonanniyar ƙasa, masu sara kuma suka ɗauke ta ciyawa, domin katakonta na da laushi, ba shi da nauyi, yana ruɓewa da wuri idan ya sha laima. Waɗannan halaye ne daga baya suka zama abin nema. Katakon fari ne, ba ƙaro, ba wari, ba ya tsagewa ya soki hannu. Ana yin tsinken ashana da shi, da sandunan cin abinci da ake kaiwa ƙasashen Asiya, da 'yar tsinkar da likita ke danne harshe da ita, da kujerun ɗakin wankan tururi tunda ba ya ɗaukar zafi, da ɓarzajjen katakon shimfiɗar dabbobi, da zaren katako na rufe gangare don hana zaizaya. Manyan masu saye su ne kamfanonin takarda da masu yin allon gini na matsattsun ɓarɓashin itace. An fara irin wannan allo da asfen a Saskatchewan ta Kanada a shekarun 1960, ingantaccen nau'insa kuma ya mamaye ginin gidajen Amurka ta Arewa daga shekarun 1980. Yau babu bishiyar da ake sarewa a Minnesota kamar asfen.

Abin lura shi ne a can saran bai kashe ta ba. Ana share kurmi gaba ɗaya bayan shekara 40 zuwa 50, an fi so a hunturu lokacin da ƙasa ta daskare, don kada manyan motoci su danne saiwar, abincinta kuma na ajiye a ƙasa. Ba a dasa komai, da kanta take dawowa. Wannan na daga cikin 'yan wuraren da share daji ƙaf ya yi daidai da ɗabi'ar bishiya, ko da yake yana da nasa hasarar: idan ba a bar tsofaffin itatuwa ba, makwakkwafi da masu gadon raminsa sun rasa gida. A wasu sassan Kanada kuma akasin haka ake yi. A lardin British Columbia an daɗe ana fesa maganin kashe ciyawa na gilaifoset a kan tohon asfen don a ba masu ganyen allura wuri, tunda su suka fi kuɗi. Masu suka na cewa ana kashe katangar wuta ne da hannu, kuma ina ganin suna da hujja. Kurmin asfen mai ɗanyen ganye ba ya cin wuta da sauƙi, gobarar da ke gudu a saman fir takan sauko ƙasa ta lafa idan ta iso shi, masu kashe gobara sun san haka sarai. Sai dai kariyar tana da lokaci. A watan Mayun 2016, kafin ganye ya fito, ga busasshiyar ciyawa ga zafi da iska, gobara ta ratsa dajin da ke kewaye da garin Fort McMurray a lardin Alberta, mai yawan asfen, ta kori mutane kusan 88,000 ta kuma ƙone gine-gine kimanin 2,400.

Dabarar sara ko ƙonawa a jira toho ta sha ba da kunya a yammacin Amurka, kuma dalilin baki ne. Tohon asfen abinci ne mai daɗi ga elk, wata ƙatuwar barewa, da barewa mai dogon kunne, da shanu da tumaki. Sai ya haura kusan mita 2 kafin kansa ya fi ƙarfin bakinsu, hakan kuma na ɗaukar shekaru. Idan ana cinye shi kowace shekara, saiwar na ta kashe ajiyarta ba ta samun komai, har ta gaji. Wanda ya sare kurmi a inda dabbobi suka yi yawa bai kuma yi tanadin kariya ba, zai iya kashe cikin shekara biyar abin da ya rayu shekara dubu.

Yellowstone ce wurin da aka fi tafka muhawara a kan wannan. An kashe kyarketan ƙarshe na gandun a 1926. Hukumar gandun ta riƙa rage elk da kanta har zuwa 1968, da ta daina sai yawansu a arewacin gandun ya hau har kusan 19,000 a 1994. William Ripple da Eric Larsen na Jami'ar Jihar Oregon sun ƙirga zobban cikin itace da ke nuna shekarun asfen ɗin wurin, suka ga kusan babu wanda ya girma ya zama itace bayan shekarun 1920. A 1995 da 1996 aka kawo kyarketai 31 daga Kanada, zuwa 2013 elk sun ragu ƙasa da 4,000, tohon asfen kuma ya fara tashi a wurare da dama. Daga nan labari ya bazu duniya cewa kyarkeci ya ceci daji, har ana cewa tsoronsa kaɗai ya hana elk kusantar kurmi. Labarin na da daɗi, amma an sauƙaƙa shi fiye da kima. Binciken Matthew Kauffman da abokansa na 2010 bai ga alamar cewa tsoro na kare asfen ba, elk na cin toho har a wuraren da suka fi haɗari. Wani binciken na Elaine Brice da Larsen da Daniel MacNulty ya nuna cewa auna toho biyar mafiya tsayi a kowane kurmi, kamar yadda aka saba yi, ya zuzuta farfaɗowar. Raguwar elk ɗin ma ba aikin kyarkeci kaɗai ba ce, akwai mafarauta a wajen gandun a Montana, da beyar, da damisar tsauni, da fari. Ga ɓaunar Amurka kuma ta ƙaru tana karya abin da elk suka bari. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne yawan bakuna ne ke yanke hukunci: inda suka ragu sosai, asfen ta tashi.

Fari ya zo ya ƙara wa lamarin nauyi. Bayan tsananin fari da zafi na 2002, aka fara ganin manyan kurame na mutuwa gaba ɗaya a kudu maso yammacin Kolorado, zuwa 2008 abin ya taɓa kusan kashi 17 cikin 100 na asfen ɗin jihar. Ya fi muni a ƙananan tudai da gangaren da ke fuskantar rana. Wani mai bincike, William Anderegg, ya nuna cewa ƙishirwa na sa iska ta shiga hanyoyin ruwa na cikin itacen ta toshe su, lahanin kuma na taruwa shekara bayan shekara, sannan ƙwari da cututtuka su ƙarasa. Abin da ya tayar da hankali shi ne a wurare da dama saiwar ma ta mutu, ba toho da ya biyo baya. Kurame masu ƙananan itatuwa sun fi jurewa, wanda ya sake nuna haɗarin barin daji ya zama na tsofaffi zalla.

Halin da Pando ke ciki ke nan. Paul Rogers na Jami'ar Jihar Utah da Darren McAvoy sun wallafa bincike a 2018, suka haɗa awon ƙasa da hotunan sama na shekara 72, suka ga kurmin na ta yin sarari. Manyan itatuwan sun haura shekara ɗari suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, masu matsakaicin shekaru kuwa kusan babu, domin barewa mai dogon kunne na cinye tohon, a lokacin binciken shanu ma na bi ta wurin a lokacin kiwo. An kawar da kyarkeci daga yankin tuntuni, farauta kuma an taƙaita ta a kusa saboda gidajen hutu da sansanin 'yan yawon buɗe ido, sai barewar ta samu mafaka. Mai ziyara zai ɗauki hoton fararen itatuwa da ganye ruwan zinariya ya tafi yana murna, bai san abin da ya kamata ya nema shi ne itatuwa masu tsayin mutum ba. A 2013 aka kewaye wani yanki da dogon shinge, cikin 'yan shekaru toho ya cika shi har ya wuce kan mutum. Wani shingen da aka yi a 2014 barewa ta riƙa samun hanyar shiga, sakamakonsa bai kai na farko ba sai da aka gyara. Rogers ya yi gargaɗin cewa shingen na raba halitta ɗaya gida-gida, kowane yanki na bin tafarkinsa.

Shinge na iya ceton hekta 43 da duniya ta sa wa ido, amma ba wanda zai kewaye miliyoyin hekta na tsaunukan Roki. Yawancin ƙasar ta gwamnatin tarayya ce, namun dajin kuwa hukumar jiha ce ke kula da yawansu, kuma wani babban kaso na kuɗinta daga lasisin farauta yake fitowa, don haka rage barewa da elk ba abin da take marmari ba ne. Masu shanu na da takardun izinin kiwo da iyalai suka riƙe shekara da shekaru, kowane ɓangare kuma na nuna dabbar ɗan'uwansa. A tsaunin Monroe, cikin gandun Fishlake ɗin da Pando yake, an zaunar da makiyaya da mafarauta da masu rajin kare muhalli da jami'an gwamnati wuri ɗaya, suka amince a sare a kuma ƙona manyan yankuna a lokaci guda don tohon ya fi ƙarfin masu ci, a riƙa ƙirga yawan wanda ake gatsa kowace shekara, idan ya wuce ƙa'ida a ɗauki mataki a kan dabbobin gida da na daji baki ɗaya. A ganina wannan sashe na ƙarshe shi ne mai wuyar cikawa, domin yana nufin wani zai fitar da shanunsa kafin lokaci, wani kuma zai yarda a rage garken da yake farauta.